A bar yaro ya rera waƙa kafin a tambaye shi jigonta

Duk wanda ya yi darasin Hausa a sakandare a ƙasar nan ya san yadda ake shiga babin waƙa. Malam zai shigo ya rubuta Rubutacciyar Waƙa a saman allo ya ja mata layi, sai ma'anar waƙa in ji masana, sai jigo, sai warwarar jigo, sai zubi da tsari, sai salon sarrafa harshe, a kwafa a littafi, monita ya goge allo, shi ke nan wai an yi waƙa. Yaro zai gama aji shida ya zubo maka ma'anar amsa-amon ciki da na waje, wato sautin da layukan waƙa ke ƙarewa da shi, ba gargada, amma ce masa ya rera maka baiti biyu daga waƙar da aka yi masa jarrabawa a kanta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, don tunda yake bai taɓa jin an rera ta ba, kuma in za a faɗi gaskiya shi kansa malamin ba lalle ya taɓa ji ba. Kamar dai ka sa yaro ya haddace sunayen kayan miya tsaf, daddawa da kuka da barkono da kanwa, amma ko sau ɗaya ba ka bari ya kai loma baki ba.

A firamare da nazare kuwa abin wani iri ne daban. Makarantun kuɗi suna da waƙa kam, kullum da safe a asambili ana yi, sai dai duk na Turanci ne da aka kwaso daga Ingila, yara na ta ihu da su ba su san me suke cewa ba, Anti ma wani lokacin lafazin kawai ta riƙe. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce wadda ake ce wa ruwan sama ya tafi ya dawo wata rana. A nan fa, inda in damina ta yi jinkiri gari guda ake fita roƙon ruwa, tsofaffi da yara har da dabbobi, a nan ne ake jera jikokin manoma suna korar ruwa da tafi. Ba laifin waƙar ba ne, a garinsu ruwan ya ishe su ne shi ya sa suka yi ta. In kuma yarinya ta kuskura ta ɗauko waƙar gaɗa a cikin aji sai a ce ta yi banakula, a rubuta sunanta, wata makarantar har tara ake ci. Makarantun gwamnati da yawa kuma ko ta Turancin babu, in ka cire taken ƙasa da 'yar waƙar shiga aji.

Ni abin da nake gani shi ne mun juya abin ne, mun fara ta inda ya kamata a ƙare. Yaro ya fara jin waƙa iri-iri da kunnensa, ya rera da bakinsa, ya tafa, ya gwada ƙirƙirar tasa ko da shirme ce, sai daga baya can in ya girma a ce masa wancan abin da kake yi tun kana aji biyu ai shi ake kira amsa-amo. Kuma iri-irin nan da na ce da gaske nake, ba wai a samu waƙar wa'azi guda ɗaya a yi ta nanata ta shekara shida ba.

Abin da ke sa nake ganin wannan ba wani aiki ne mai wuya ba, yaron Bahaushe ba ya zuwa makaranta hannu rabbana a fannin waƙa. Tun yana goye ake masa waƙar raino. Yarinya 'yar shekara 7 da ta taɓa tsayawa a da'irar gaɗa ta riga ta san abin da ake nufi da bayarwa da amshi, ta san in zabiya ta ja layi sai a jira daidai inda tafi zai faɗa kafin a karɓa, ta san yadda ake cire sunan wata a saka na wata ba tare da waƙar ta karye ba, wanda wannan ƙwarewa ce babba, wallahi akwai masu digiri a Hausa da ba za su iya ba. Namiji kuma ya san tashe, in azumi ya kai 10 su suke bin gida-gida da gemun auduga da ƙaton ciki na tsumma, waƙa ce da wasan kwaikwayo a haɗe, kuma kowace da irin tata barkwancin. Ga waƙar talla, mai gyaɗa da irin nata kiran mai awara da irin nata, ga waƙar bara ta almajirai, ga kirarin 'yan dambe da na 'yan kokawa da yara ke kwaikwayo a bakin layi, ga kacici-kacici, ga karya harshe. Da yamma kuma ya tafi Islamiyya a sa shi haddar ƙasida, lokacin Maulidi ya ji ana rera Ishiriniya da Burda. In ka lissafa za ka ga ɗan aji ɗaya ya riga ya ratsa salon waƙa sun fi biyar kafin ya iya rubuta sunansa, sai makarantar boko ta ce masa ya ajiye su duka a bakin ƙofa tare da takalminsa.

To kuma ga wani abu da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Wuraren da ake koyon waɗannan abubuwan suna mutuwa. Dandali a birni ya zama tarihi, a ƙauyuka da yawa ma rashin tsaro ya hana fitar dare. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, waƙar daka da luguden taɓarya sai ka yi da gaske kafin ka ji su, su kuwa a nan ne mata suke zuba habaici da begen gida da duk abin da ke cin ransu. Ba ina cewa a dawo da dutsen niƙa ba ne, Allah ya kiyaye, matan da suka sha wahalarsa ba za su gode mini ba. Amma in wurin ya tafi ba dole waƙar ta bi shi ba, kuma wuri ɗaya da ya rage wanda yara 50 ko 100 ke taruwa kullum a ƙarƙashin babba guda shi ne aji.

Masu ganin waƙa a aji ɓata lokaci ce su duba yadda aka yi karatu a ƙasar nan tun kafin zuwan boko. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Tana tsara karatun a baitoci da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, su haddace su koma garuruwansu su biya wa ɗalibansu mata da ake kira 'yan taru, har waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani tana da ita, don mace tana aikin gida tana iya rerawa. Har gobe a Islamiyya ƙa'idojin tajwidi a waƙe yara ke haddace su cikin Tuhfatul Aɗfal, manyan ɗalibai kuma nahawun Larabci a Alfiyyar Ibn Malik suke ɗaukarsa, baiti wajen 1000. A bokon ma an yi, Shehu Shagari lokacin yana malamin makaranta, tun kafin siyasa ta ɗauke shi, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasa, garuruwa da koguna da abin da ake nomawa. Su waɗannan ba don nishaɗi suka yi ba, sun gane ne cewa abin da aka ɗora a kan kari ba ya saurin zubewa daga ka. Gwada ka gani, tambayi dattijon da ya bar firamare shekara 50 da suka wuce me ya rage masa, not ɗin da ya kwafa ko waƙar da suka rera.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba ta tarihi ba ce, ta shafi yadda harshen namu yake ne. Karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, akwai gaɓa mai nauyi akwai marar nauyi, kuma jeruwarsu ce ke ba da Mutadarik ko Kamil ko Ramal da sauran ma'aunan da malamanmu suka ɗauko daga arulin Larabci, wato ilimin auna baitin waƙa. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne a boko, amma a baki ɗaya gajere ne ɗaya dogo, kuma a waƙa wannan bambancin shi ne komai. Ajami yana nuna shi, boko ya ɓoye shi. Ke nan in ka rubuta baiti a allo ka ce yaro ya duba ya gano karinsa, ka ba shi aikin da ba zai yiwu ba, domin karin ba ya kan allon, yana cikin murya. Shi ya sa darasin aruli ya zama dodo hatta a jami'a, ɗalibai na ta zana alamomi a ƙarƙashin kalmomi suna canka, alhali makahon da ke rera Imfiraji a bakin kasuwa ba ya kuskuren kari ko ɗaya. Shi kansa mai waƙar, Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, da kunne ya auna ta baiti bayan baiti. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ta wace ƙofa ake shiga.

Na taɓa zama a bayan wani aji huɗu a wata firamaren gwamnati inda wata malama ta yi abin da nake nufi, ba tare da wani kayan aiki ba sai alli da tafin hannu. Farkon damina ne, sama ta yi duhu. Ba ta rubuta komai ba, ta ce kowa ya ajiye biro, ta fara tafi a hankali sai da ajin ya kama, sannan ta rera layi ɗaya a kai:

Hadari ya taso tun jiya,

ta maimaita shi har ya zauna musu, sannan ta ce to wa zai ba mu na biyu, sharaɗi ɗaya, ya ƙare da "ya" kuma ya hau tafin nan. Aka yi ta jefo kalmomi, miya, wuya, ƙaya, tsintsiya, wani ɗan ƙiriniya a baya ya ce tsiya aka kwashe da dariya, ita ma ta dara ta ce ta shiga lissafi. Wata yarinya ta ce a sa lafiya, aka juya aka juya har aka samu:

Allah kawo shi da lafiya.

Inda abin ya burge ni shi ne layi na uku. Wani yaro ya miƙe ya ce "kwaɗi da yawa sun zo sun taru a cikin rijiya". Malamar ba ta ce masa daidai ne ko kuskure ba, cewa ta yi a rera a gani. Aka ɗauka, tun kafin a kai tsakiya tafin ya watse, wasu na gaba wasu na baya, yaran da kansu suka hau cewa Malama ya yi tsawo, Malama ba ya shiga. Ta ce to ku rage masa kaya. Suka cire "da yawa", aka gwada, bai zauna ba, suka cire "sun zo", suka mai da "a cikin" ta koma "a", sai ga shi ya hau daram:

Kwaɗi sun taru a rijiya,
Sun ce bana babu batun wuya.

Na ƙarshen ita ta taimaka musu da shi, ba zan ce ba. Amma dubi abin da ya faru cikin darasi ɗaya, yara sun yi amsa-amo, sun auna kari, sun tace jimla sun zubar da kalmomin da ba su da aiki, wanda shi ne abin da malamin insha'i ke fama ya koya musu shekara da shekaru, kuma ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan ba. Yaron da aka gyara wa layi kuwa ko a jikinsa, shi murna ma yake kwaɗinsa sun shiga waƙa.

Daga irin wannan sai a yi ta hawa. Ni da za a bi tawa, da kirari zan fara wa ƙananan aji, tun kafin ƙwar biyu, wato waƙar da kowane baitinta layi biyu ne, don shi kirari ba ya neman amsa-amo dole, abin da yake nema ka kalli abu da kyau ka faɗi halinsa cikin zuga. Yara sun san Kano ta Dabo tumbin giwa, sun san Katsina ta Dikko ɗakin kara, sun san Sakkwato birnin Shehu, to a ce kowa ya yi wa unguwarsu nata, ko ya yi wa akuyar gidansu, ko sauro, ko bulalar malam. Yaron da ya ce wa sauro "mai jiniyar dare, ƙarami mai hana babba barci" ya riga ya yi siffantawa ya yi kambamawa, saura suna kawai. Bayan nan a zo ƙwar biyu, a zo ƙwar uku da ƙwar huɗu, su ji yadda ƙaramin amsa-amo ke canzawa daga baiti zuwa baiti babban kuma yana nan a ƙarshe yana jiran kowa. Ƙwar biyar kuwa akwai wasa mai daɗi a cikinta da magabata suka bar mana, wato tahmisi, ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, wato layi biyu, ka ɗora masa uku naka a sama su zama biyar. Ishiriniyar da ake rerawa ma ai haka take, asalin na Alfazazi ne wani malamin ya yi mata tahmisi. A aji sai malam ya ba da ɗango biyu, ya raba yara rukuni-rukuni kowane ya kawo ukunsa, a rera a ji na wa ya fi zama. Ban san wata hanya da ta fi wannan koya wa yaro shiga cikin tunanin wani ya ƙara nasa ba tare da ya ɓata na mai shi ba.

Akwai ma ramzi, wanda na tabbata 'yan aji biyar da shida za su so shi, don wasan ɓoyo ne. Marubutan ajami sukan rufe waƙa da wata kalma da in ka tara lissafin haruffanta za ta ba ka shekarar Hijirar da aka yi waƙar, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har sama. Ga lissafi ga tarihi ga waƙa a wuri guda, kuma yaran da ke zuwa makarantar allo su za su yi fice a ranar, waɗanda galibi a ajin boko su ake bari a baya.

Kada kuma a ce ina cewa a rufe ƙofa a tsaya kan namu kaɗai. Akwai abin da waƙoƙin wasu za su ba yaranmu wanda namu ba su cika bayarwa ba. Rubutacciyar waƙarmu, mu faɗi gaskiya, ta cika son wa'azi, a buɗe da addu'a a rufe da addu'a a cika tsakiya da nasiha, ko kan tsafta ko kan ilimi ko kan shaye-shaye, har yaro ya ɗauka in ba ka yi wa mutane faɗa ba ba ka yi waƙa ba. To a nuna masa haiku na mutanen Japan, layi 3 kacal, gaɓa 5 sai 7 sai 5, ba amsa-amo ba nasiha, ka ga abu ka faɗe shi ka yi shiru. Da Hausa ma yana yiwuwa:

Hazo ya sauka,
Kaka ta hura wuta,
Mun kewaye ta.

Yaro zai ce Malam shi ke nan? Ka ce masa shi ke nan. Ranar zai gane cewa abin da ya gani da idonsa a tsakar gidansu ya isa a yi masa waƙa. Irin su sonet mai layi 14 a bar su sai sakandare, a can ma a haɗa su da ƙwar biyar a kwatanta, kowanne da inda yake juya magana. Haka waƙar da matasa ke yi yanzu a dandamali ba kiɗa ba rerawa sai zuba magana, da ma ta 'yan hip-hop, ban ga dalilin da zai hana malamin sakandare ya kawo mai tsafta daga ciki ya ce a nemo amsa-amonta ba, tunda dai ita ce a wayoyinsu ko mun so ko mun ƙi.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don na sha ji. Ni ban kai ɗana makaranta don a mai da shi maroƙi ba. Wannan magana tana da tushe, a al'adarmu kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado kuma ba a ɗauke ta da daraja ba, ko da kuwa sarakuna ba sa iya zama ba su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko da kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Wasu kuma ta fuskar addini suke kallon abin. Amma a nan ana haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa yake, kuma duk abin da na lissafa a sama babu wanda ke buƙatar kalangu ko fiyano, murya ce da tafi, in tafin ma ya dame ka a buga benci. Shi kuwa tsara baiti, Hassanu bin Sabit a gaban Manzon Allah (SAW) yake yi, Ka'abu bin Zuhairu a gabansa ya rera tasa har aka ba shi mayafi. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello duk sun yi waƙa, ban ji wanda ya kira su maroƙa ba. Inda na yarda da iyayen shi ne ba kowace waƙar gargajiya ce za a kwaso a kawo aji ba, wasu waƙoƙin gaɗa da na daka akwai batsa da zagin kishiya ƙarara a ciki, wasu na tashe akwai tsokanar wata ƙabila ko masu wata lalura. Wannan aikin malam ne ya zaɓa, kuma ba a rasa masu kyau ba, sun fi yawa ma.

Sai masu cewa aji ya cika, yara 100 malami ɗaya, ina aka ga sararin waƙa. Ni kuwa gani nake a irin wannan ajin ne ma ta fi amfani. Ba littafi ake buƙata ba balle a ce bai isa ba, ba wutar lantarki, ba a raba komai. Bayarwa da amshi an yi su ne don taro, yawan yaran ma shi ke ƙara masa armashi, kuma yaron da bai iya karatu ba tukuna, wanda a sauran darussa sai dai ya zauna ya zuba ido, a nan yana da baki daidai da kowa. Abin da kawai za a sha shi ne hedimasta ya leƙo ya ce ana damun ajin kusa, to a fita gindin bishiya.

Matsalar gaske a wurina malaman ne, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya yi NCE a Hausa an koya masa nazarin waƙa, ya san ra'ayoyin masana, ya rubuta jarrabawa ya ci, amma ba a taɓa tsayar da shi gaban aji an ce ya rera baiti biyar an ba shi maki a kai ba. Da yawa kunya ma suke ji, musamman maza, gani suke girmansu zai zube. Ga shi kuma a makarantu da yawa Hausa ita ce darasin da ake miƙa wa duk wanda ya rage, tunda ai kowa Bahaushe ne. Sannan WAEC da NECO a takarda suke tambayar waƙa, malami kuwa abin da za a tambaya shi yake koyarwa, ba za ka ga laifinsa ba. Manufofin gwamnati ma ba su tsaya wuri ɗaya ba, tun 1977 takarda ke cewa a fara karantar da yaro da harshen uwa, a 2022 aka ce a kai shi har shekara 6 na firamare, ba a je ko'ina ba a 2025 aka ce an soke an koma Turanci. Wanda zai jira Abuja ta daidaita kafin ya rera wa yara baiti zai daɗe yana jira. Darasin Hausa dai yana nan a jadawali, kuma abin da ke faruwa cikin minti 30 ko 40 ɗin nan a hannun malami da hedimasta yake.

Abin da kwalejojin ilimi za su iya yi ba tare da sun nemi izinin kowa ba shi ne su sa rerawa cikin abin da ake dubawa lokacin koyon aikin koyarwa, ɗalibi ya tsaya ya ja waƙa ƙwar biyu da ƙwar biyar da ta gaɗa ko ta tashe guda, ya kuma nuna zai iya sa aji su ƙirƙiri tasu. Malamin da ke aji yanzu kuma wanda muryar ba ta ba shi haɗin kai, akwai waya a aljihunsa, rerarrun waƙoƙin su Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja ana samun su, ya kunna wa yara su ji. In babu caji, kusan kowace unguwa akwai tsohuwar da ta yi gaɗa a zamaninta da malamin Islamiyyar da ya iya jan ƙasida, a gayyato su ranar Alhamis su yi rabin awa, a ba su na goro daga kuɗin PTA.